Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Ake Auna Shirin Riƙon Hannun Ɗaliban Latino a Jami'o'in Amurka

Duk ƙarshen shekarar karatu, a manyan makarantu da dama na Amurka, akan haɗa ƙwarya-ƙwaryar walima don rufe shirin riƙon hannu, wato tsarin da ake haɗa sabon ɗalibi da wani ɗalibin da ya riga shi shiga makaranta domin ya yi masa jagora. A ci, a sha, a raba takardun yabo, a ɗauki hotuna. Bayan kwana biyu rahoto ya isa teburin shugaban makaranta, yana cewa waɗanda suka shiga shirin sun fi sauran ɗalibai dawowa aji biyu, kuma kusan dukkansu sun ce sun ji daɗinsa. Sai a yi tafi, a nemi ƙarin kuɗi.

Amma akwai tambayar da irin wannan rahoto ba ya amsawa. Shin shirin ne ya riƙe yaran nan, ko kuwa yaran da dama can ba za su gudu ba ne suka kawo kansu cikin shirin? Duk maganar auna shirin riƙon hannu a kan wannan tambaya ta rataya, kuma ta fi nauyi idan ana batun ɗaliban Latino waɗanda su ne na farko a gidajensu da suka taka ƙofar jami'a.

Su wane ne waɗannan ɗalibai?

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta samu 'yan Latino, wato masu tushe daga ƙasashen Latin Amurka, sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Kimanin shida cikin kowane goma asalinsu Meziko ne. Sauran sun haɗa da 'yan Fuwato Riko, waɗanda doka ta ba su zama 'yan ƙasa tun 1917, da 'yan Kuba da suka cika Miyami, da 'yan Salbado, da 'yan Dominika da suka yi sansani a Niyok da kewayenta. Akwai wanda kakannin kakanninsa suna Teksas tun kafin ta zama ƙasar Amurka, akwai wanda aka goyo shi aka ƙetaro iyaka yana jinjiri, har yau ba shi da takardar zama. Na biyun nan ba ya samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya ko sisi, sai fa abin da wasu jihohi irin su Kalifoniya suka ware masa. Sunan Latino ɗaya ne, kayan da ke kan kowa daban.

Ita ma kalmar "na farko a gidansu" ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Shirye-shiryen gwamnatin tarayya da ake kira TRIO suna nufin ɗalibin da babu mai digirin farko a cikin iyayensa. Wasu makarantu kuwa suna nufin wanda iyayensa ba su taɓa ko leƙa babbar makaranta ba. Ɗan ma'aikaciyar jinya mai difloma ya shiga ma'anar farko, bai shiga ta biyu ba. Saboda haka kafin mutum ya kwatanta rahoton makaranta kaza da na makaranta kaza, sai ya fara tambayar wa kowace ke kira da wannan suna.

Gwamnatin Amurka tana da wani rukuni na makarantun da aƙalla kashi 25 cikin 100 na ɗalibansu 'yan Latino ne, rukunin da ya shiga dokar ilimi mai zurfi a 1992, aka kuma ware masa kuɗi na musamman. Da yawa daga shirye-shiryen riƙon hannu daga irin wannan kuɗi suka ci, kuma mai ba da kuɗi yana son lissafi. Wannan ne ya sa aikin aunawa ya zama dole, shi ne kuma ya sa ake yawan yin sa da gaggawa.

Me yayan makaranta yake yi?

Mu ƙaddara wata yarinya daga yankin gonakin inabi na tsakiyar Kalifoniya, iyayenta leburorin gona, ta ci jarrabawa ta samu gurbi. Mako na huɗu da fara karatu, saƙo ya shigo mata cewa an ɗaure asusunta, ba za ta iya rajistar zango na gaba ba. Ba ta san wane ofis ya ɗaure ba, ba ta san me ta yi ba. Ta kira gida? Mahaifiyarta za ta yi mata addu'a da Sifaniyanci, ta ce ta daure, amma ba ta taɓa ganin irin wannan takarda ba. A jikin jadawalin kowane darasi an rubuta sa'o'in da malami ke zama a ofis. Ita a zatonta lokacin aikinsa ne da ba a son a dame shi, alhali lokaci ne da aka ware don ɗalibi ya shigo ya yi tambaya. Masanin nan Anthony Jack ya yi bayanin irin wannan ruɗani a littafinsa na 2019 kan talakawan ɗalibai a jami'o'in masu hali.

Sai ga wata 'yar aji uku, ita ma 'yar leburori, da aka haɗa su. Ta duba saƙon ta yi murmushi, ta ce mata nata ma an taɓa ɗaurewa, takarda ɗaya ce ta rage a ofishin tallafi, ta tashi su je yanzu kafin a rufe. A hanya ta gaya mata cewa idan makinta ya sauka ƙasa da 2.0, ko ta kasa cin kusan kashi biyu cikin uku na darussan da ta ɗauka, za a iya yanke mata tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, don haka kada ta ajiye darasi ba tare da ta yi shawara ba. Ta nuna mata inda ake raba kayan abinci kyauta ga ɗalibai. Aikin bai kai awa ɗaya ba, amma a kan irinsa ne yara ke tattara kaya su koma gida. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Abu biyu ke nan yayar ta bayar: sanin hanya, da shaidar cewa irinsu ma suna da wuri a nan. Na biyun ba ya samuwa a kundin dokokin makaranta.

Tunanin da ke bayan ma'auni

Abin da mutum ya ɗauka shi ne ciwo, shi ke nuna masa abin da zai auna. A 1975 Vincent Tinto ya fito da ra'ayin da ya mamaye wannan fage shekara da shekaru: ɗalibi yana barin makaranta ne idan bai saje da ita ba, ta fuskar karatu da ta zamantakewa. A wasu bayanansa har akwai alamar cewa sai ɗalibi ya ɗan yanke cibiya da inda ya fito. William Tierney ya soki wannan a 1992, yana ganin kamar ana ce wa 'ya'yan tsiraru su tuɓe rigarsu a bakin ƙofa. A 1994 Laura Rendón, wadda ita kanta 'yar talakawa ce daga Laredo a bakin iyakar Teksas, ta nuna cewa irin waɗannan ɗalibai sukan farfaɗo ne idan wani ya fara takowa wurinsu ya tabbatar musu za su iya, maimakon a jira su nemi taimako. Sylvia Hurtado da Deborah Carter a 1997 suka mayar da hankali kan yadda ɗalibin Latino ke ji a ransa cewa shi ma ɗan gida ne a makarantar. Tara Yosso kuma a 2005 ta lissafa jari shida da waɗannan yara ke zuwa da shi, daga ciki har da harshe biyu, da ƙarfin dangi, da iya bi ta cikin hukumomin da ba don su aka gina ba. Yarinyar da ta yi wa iyayenta tafinta a asibiti tun tana shekara tara ba hannu rabbana ta zo ba.

Wannan sauyin tunani yana da tasiri kai tsaye a kan aunawa. Mai bin tsohon ma'auni zai ga ɗalibin da ke komawa gida duk ƙarshen mako ya ce bai saje ba. Mai bin sabon zai tambaya ko wannan komawar ce ke riƙe da shi. Bincike ya kuma gano cewa ɗaliban farko, musamman 'yan Latino, suna fama da wani nauyin zuciya: suna kwana a ɗaki mai sanyi suna karatu, ƙannensu da iyayensu suna can cikin rana. Takardar tambayoyin da ba ta taɓo wannan ba ta bar rabin labarin a waje.

Tarkon da ya fi cin mutane

Mu koma ga rahoton walima. A yawancin makarantu, shiga shirin ganin dama ne. Wa zai ga sanarwa, ya cika fom, ya zo taron farko? Ɗalibin da ke duba saƙonninsa, mai sauran lokaci, mai ƙwarin gwiwar neman taimako. Wanda ke tashi daga aji ya wuce aikin dare a gidan abinci, ko wadda ke ɗauko ƙannenta daga makaranta, su ba su ma ji labari ba. Idan aka kwatanta na farko da na biyu aka ga bambanci, me aka auna? An auna halin da suka zo da shi, aka rubuta ladan a littafin shiri.

Akwai wani tarkon a cikin wannan: wasu rahotanni suna ƙirga waɗanda suka "kammala shirin" kawai, misali waɗanda suka gana da jagoransu sau shida ko takwas. To ai wanda ya bar makaranta a wata na biyu ba zai kai ganawa ta shida ba. An cire waɗanda suka faɗi daga lissafi, sannan aka yi shelar cewa babu wanda ya faɗi.

Maganin da masana suka fi yarda da shi shi ne ƙuri'a. Tunda dama guraben shirin ba sa isar masu nema, sai a bar ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za su shiga, a ci gaba da bibiyar waɗanda ba su samu ba. Duka ɓangarorin biyu sun nuna sha'awa, bambancinsu sa'a ce kawai, don haka duk ratar da ta bayyana daga baya ta shirin ce. Kuma kowa da ƙuri'a ta faɗa masa a ƙirga shi, ko ya zo ganawa ko bai zo ba, domin shirin da ba ya iya jawo mutanensa shi ma sakamako ne. Masu cewa rashin imani ne a hana wani yaro taimako don gwaji, su tuna cewa idan gurbi ɗari ne masu nema ɗari uku, dole wani ya rasa. Ƙuri'a ta fi "wanda ya riga zuwa" adalci, tunda mai riga zuwa galibi shi ne mai ƙarancin buƙata. Inda ƙuri'a ba ta yiwu ba, akan nemo wa kowane ɗan shiri takwaransa mai irin makinsa da irin samun gidansu. Wannan ya fi babu, sai dai ba ya ganin abin da ke cikin zuciya.

Me gwaje-gwaje suka nuna?

Tun 1991 Maryann Jacobi ta koka cewa masu rubutu kan jagoranci ba su ma daidaita kan ma'anarsa ba. A 2009 Gloria Crisp da Irene Cruz suka sake bin sawun rubuce-rubucen suka tarar da ma'anoni sama da 50. Duk da haka akwai 'yan gwaje-gwajen ƙuri'a da ke haska hanya, ko da ba duka a kan 'yan Latino aka yi su ba.

Benjamin Castleman da Lindsay Page sun yi aiki kan yaran da ke samun gurbin karatu amma su narke a lokacin hutun bazara, ba su bayyana ranar buɗe makaranta ba. A 2012 suka gwada hanya biyu, saƙon tes da kuma ɗalibai jagorori, a garuruwan da suka haɗa da Boston, Filadelfiya da Lawrence, garin da mafi yawan mutanensa 'yan Latino ne. Jagororin sun ƙara yawan masu shiga jami'a mai shekara huɗu da kimanin ɗalibi huɗu zuwa biyar a cikin kowane ɗari, a kan kuɗi kusan dala 80 kowane yaro, shi kuwa saƙon tes kusan dala 7. Eric Bettinger da Rachel Baker sun bibiyi ɗalibai sama da 13,000 da ƙuri'a ta ba wasunsu mai ba da shawara ta waya daga kamfanin InsideTrack, suka ga ƙarin kusan biyar cikin ɗari na masu ci gaba da karatu bayan shekara guda. Sai dai waɗannan ma'aikata ne masu horo, ba ɗalibai ba.

Daga Kanada kuwa labarin ya fi sanyaya gwiwa. Joshua Angrist da abokan aikinsa sun raba sababbin ɗalibai sama da 1,600 rukuni-rukuni: wasu aka ba su ɗalibai masu ba da shawara, wasu aka yi musu alƙawarin kuɗi idan suka ci maki, wasu aka haɗa musu duka. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa shawara ita kaɗai ba ta motsa maki sosai ba, haɗin biyun ne ya yi amfani, shi ma ga mata. Maza ko a jikinsu.

Gwajin da ya fi kowanne girman sakamako shi ne na shirin ASAP a kwalejojin birnin Niyok, wanda aka fara a 2007. Cibiyar bincike ta MDRC ta samu cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, na ɓangaren kwatance kuwa kashi 22. Amma a duba abin da ke cikin ƙunshin: mai ba da shawara da ake gani a kai a kai, cike giɓin kuɗin makaranta, littattafai, da katin hawa jirgin ƙasa da bas kyauta. Darasin a fili yake. Riƙon hannu yana aiki, gwargwadon ƙarfinsa, amma ba ya biyan kuɗin haya.

Game da ko dole jagora ya zama irin ɗalibinsa, akwai gwajin Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta na 2017 kan mata 150 masu karatun injiniya. Duk waɗanda aka haɗa da jagora mace sun tsaya a fannin har ƙarshen shekarar farko, alhali kashi 82 ne suka tsaya cikin masu jagora namiji, kashi 89 cikin marasa jagora. Wannan ishara ce mai ƙarfi, amma ba hujja ba ce cewa haɗa ɗan Kuba na Miyami da 'yar leburan Meziko zai yi irin wannan aiki don kawai dukansu suna jin Sifaniyanci. Wani lokaci talauci ɗaya ya fi harshe ɗaya haɗa mutane. Mai aunawa ya rubuta yadda aka yi haɗin, ya duba wanne ya fi ɗorewa.

Abin da ya kamata a ƙirga

Na farko, abin da ya faru a zahiri. Sau nawa aka haɗu? Me aka tattauna? Haɗi nawa ne ya mutu tun a watan farko? Bincike kan Big Brothers Big Sisters, shirin riƙon hannun yara, ya nuna cewa haɗin da ya watse kafin wata uku yana iya barin yaro cikin halin da ya fi na da muni. Ɗalibin da jagoransa ya daina amsa waya ya koyi darasi guda: ba a damu da shi ba.

Na biyu, matakan kusa, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya sabunta fom ɗin tallafi na FAFSA a kan lokaci? Ya shiga ofishin malami? Darasi nawa ya ci cikin waɗanda ya ɗauka? Ya dawo zango na gaba? Na uku, digirin kansa, wanda a Amurka akan ba shi shekara shida kafin a yanke hukunci. A nan ma sai an lura: da yawa daga 'yan Latino suna farawa ne a kwaleji mai shekara biyu su wuce jami'a, wasu su dakata su yi aiki su dawo. Wanda ya sauya makaranta bai faɗi ba, kuma ana iya gano shi ta rumbun bayanai na National Student Clearinghouse.

Sannan a rarraba alƙaluman: mata daban, maza daban, masu kwana a makaranta da masu zuwa daga gida, masu takardu da marasa su, tare da tsare sirrin na ƙarshen nan ƙwarai. Victor Sáenz da Luis Ponjuán sun ja hankali tun 2009 kan yadda mazan Latino ke ɓacewa daga manyan makarantu. Matsakaicin lissafi yana iya yin kyau alhali maza sun zube gaba ɗaya. A ƙarshe a zauna da ɗaliban a saurare su, har da waɗanda suka fita, da harshen da suka fi sakewa da shi, kuma mai tambayar kada ya zama shugaban shirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba ya faɗa a gaban wanda ya ba shi abinci.

Akwai wanda ake mantawa da shi: jagoran kansa. Ita ma 'yar aji ukun nan ɗaliba ce, da jarrabawarta da aikinta da gidansu. Ranar da ƙanwar makarantarta ta kira ta da tsakar dare tana kuka an kama mahaifinta za a mayar da shi ƙasarsu, ina za ta kai wannan kaya? An horar da ita ta san inda aikinta ya tsaya, ta miƙa ga ƙwararru? Ana biyan ta, ko an bar ta da "don Allah da al'umma"? Shirin da ya tsirar da 'yan aji ɗaya ya durƙusar da 'yan aji uku bai ci riba ba.

Siyasa ta shigo

A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kuma daga Janairun 2024 dokar Teksas ta rufe ofisoshin da ke kula da bambancin jinsi da ƙabila a jami'o'in gwamnati. Shirye-shirye da dama sun cire sunan Latino, sun koma "na ɗaliban farko", ƙofa a buɗe ga kowa. A irin wannan yanayi, shirin da ba shi da hujja sai hotunan walima shi ake fara yankewa. Tsohon shiri irin Puente, wato "gada", wanda Felix Galaviz da Patricia McGrath suka kafa a kwalejin Chabot a 1981, tun farko bai dogara ga jagoranci kaɗai ba; ya haɗa shi da darasin rubutu da malamin shawara, ya kuma buɗe ƙofa ga masu bincike daga waje.

Mu ma nan ba baƙin abin ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin rajista a Zariya ko Kano ko Yamai, ɗan ƙauyensu da ya riga shi shiga ya karɓi fayil ɗinsa ya nuna masa ofis bayan ofis, ya san darajar riƙon hannu. Sai dai labarin waɗanda suka tsira muke ji, domin su ne ke zuwa taro su ba da shaida. Duk mai son sanin ko shirinsa yana aiki, a Kalifoniya yake ko a Samaru, ya ajiye kundin hotuna, ya ɗauko jerin sunayen ranar farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da waɗanda ba su zo walimar ba.